Wa ya sassaƙa duwatsun Kahwang?

Ka dawo daga Riyom ta jihar Filato da hotuna cike da waya, kana tambayata: "Maigida, waɗanne magina ne suka sassaƙa duwatsun Kahwang suka jera su a bakin ruwa, kowane da kusurwoyinsa kamar an sa ma'auni?" To ɗana, ajiye gudumar ka zauna. Babu cizal ɗin da ya taɓa su. Ikon Allah ne, amma ikon yana da hanyar da ya bi, kuma mai fasa dutse ya kamata ya san ta.

Baƙin dutse ne, wanda 'yan boko ke kira basalti. Asalinsa narkakke ne, ya fito daga cikin ƙasa da zafin da ya haura digiri 1,000, ya malala ya cike kwari, ya kwanta. Ƙasar Filato ta sha aman wuta a da can. Tsaunukan Kerang da na wajen Panyam duk bakunan wuta ne da suka mutu, tafkin Pidong ma ramin ɗaya ne ruwa ya cike. Jar ƙasar da ake noman dankali a kanta a Mangu, a wasu wuraren wannan dutsen ne ya ruɓe.

Ka taɓa lura da taɓon fadama idan rani ya kama? Yana bushewa yana tsukewa, sai ya tsattsage gida-gida. Haka narkakken dutse yake yi in yana hucewa. Samansa ne ke fara sanyi, ya nemi tsukewa, cikinsa kuwa da sauran zafi, ya riƙe shi. Da jan ya yi yawa sai ya tsage. Tsagar ba ta tsayawa a sama: duk inda sanyi ya kai, tana biye da shi zuwa ƙasa, taki-taki, shekara da shekaru, har ta yanka dutsen ginshiƙi-ginshiƙi. Da yake jan yana zuwa daidai ta kowane ɓangare, tsaga uku-uku ke haɗuwa, shi ya sa yawancinsu kusurwa shida ne kamar saƙar zuma. In ka koma ka ƙirga da yatsa, za ka tarar da masu biyar da masu bakwai. Wanda ya huce a hankali ginshiƙansa kauri gare su, wanda ya huce da gaggawa sirara ne. Ruwa kuma shi ya ci gefen har ya tone mana su muka gani.

Wannan fa shi ne dalilin da nake maka faɗa kan shayar da kankare. Nasa bushewa ce, na dutsen hucewa, amma duka tsukewa ce. Ka bar daɓe a iskar hunturun Jos babu ruwa, da safe ka zo ka ga zanen da ya yi maka.

Ba a nan kaɗai suke ba. A Ireland ta Arewa akwai wurin da ginshiƙansa sun kai wajen 40,000 a bakin teku. A jihar Oregon ta Amurka, cikin kwazazzabon kogin Crooked, masu wasan hawan dutse suna cusa yatsu da tafin ƙafa cikin tsagar da ke tsakanin ginshiƙai biyu, su bi ta har sama da igiya a ƙugu.

Yanzu ga abin da ya shafi hannunka. Ɗauko gutsuren dutsen tsaunukan Shere na kusa da Jos can. Ka ga ƙwayoyinsa manya, fari da ja-ja da baƙi suna ƙyalli? Shi a ƙarƙashin ƙasa ya huce, ya sami lokaci ƙwayarsa ta girma. In ka jera masa ramuka ka buga ƙarfe, zai buɗe a kan layinka. Baƙin dutse kuwa ƙwayarsa ba ta ganuwa, ya fi nauyi, kuma ba ya bin umarni. Bayansa launin tsatsa, ka fasa ka ga ciki baƙi wuluk, ɓallin yana tashi da kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Dubi tabon nan na ƙwaurina. Ina kamar shekarunka na same shi, don na dage sai na raba shi inda ba ya so. Tun ranar nake fara neman tsagarsa ta asali in bi ta. Ba ya shan ruwa sosai, saboda haka ka sa kwaɓin simintinsa ya yi tauri, in ba haka ba zai zame maka a bango. A tsakuwar titi da ta kankare kuwa, da wuya ka sami wanda ya fi shi.

Na Kahwang dai kada in ji ka kai musu guduma, ko an ce za a biya ka kuɗin tifa goma. Abin da ba za mu iya mayarwa ba ne. Kuma na ga hoton da ka ɗare kan na bakin ruwa. Kowane ginshiƙi a rabe yake da ɗan'uwansa, wasu kuma sun tsage a kwance, ruwa ya rarake gindinsu. Kafin ka ɗora ƙafa, ƙwanƙwasa shi da ɗan dutse ka saurara. Lafiyayye ƙara yake kamar ƙarfe. In ka ji ya amsa kamar ganga, sauka ka zagaya.