Amsa ga 'yar uwar da ta tambaya kan ragowar dayis ɗin da ta kwaɓa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun da safe, kin ce kin haɗa dayis don furfurar gaban goshi ya yi miki yawa, kin juye ragowar a kwalba kin rufe, kina so ki san ko zai kai wani watan, sannan kuma kina da niyyar sa rilaksa satin nan. Na ga wasu suna cewa ki sa a firij. Dan Allah kar ki sa. Tashi yanzu ki buɗe murfin kwalbar nan a hankali, ki kawar da fuskarki gefe, ki zubar da shi a makwarara ki bi da ruwa mai yawa.

Dalili kuwa shi dayis na kanti da zarar an haɗa shi ya fara aiki ke nan, ko yana kanki ko yana cikin roba. Farin ruwan da ke zuwa tare da shi, wanda masu salun ke ce wa dibelofa, shi ke tada maganin, kuma cikin abin da bai wuce awa ɗaya ba ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya sa za ki ga kin kwaɓa shi fari-fari ko ruwan toka, kafin ki gama shafawa ya koma baƙi a cikin robar. Wanda ya kwana ko kin shafa ba zai kama furfura ba, fatar kai kawai zai ɓata miki da kaikayi. Bayan haka yana fitar da iska, in aka toshe shi a kwalba sai ta kumbura. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa ajiye nata a robar man gashi a saman durowa lokacin zafin Afrilu, da rana tsaka murfin ya yi tsalle, baƙin ya fantsama a bango da labule har da mayafin da ta goge ta rataye, bangon nan sai da aka sake masa fenti. Allah ya taimaka babu yaro a ɗakin.

Abin da ake ajiyewa shi ne wanda ba a haɗa ba. Ni na daɗe ina yi wa kaina da matan gidanmu, kuma abin da na saba shi ne in ɗiba daidai buƙata. Furfurar gaban goshi da gefen kunne ba ta cin kwali guda, cokali ɗaya na maganin da cokali ɗaya na dibelofa ya isa in irin wanda ake haɗawa ɗaya da ɗaya ne, amma ki duba takardar ciki don wasu ɗaya na maganin ne da ɗaya da rabi na dibelofa, wasu ɗaya da biyu, kar ki yi da ka. In na matso na gama sai in matse bututun daga ƙasa har maganin ya leƙo baki, iska ta fita, in rufe gam, in goge bakin kwalbar dibelofar ita ma in rufe. Su koma kwalinsu, a wuri mai duhu mara zafi, ba kicin ba, ba bakin taga ba. In kin zo sake amfani kika ga bakin bututun ya yi duhu ki matse wannan ɗan ki yar, na cikin in yana nan da kalarsa lafiya lau ne. In kuwa duk ya yi baƙi ko ya tsinke ya raba ruwa, ya tashi aiki. Mai gari irin Bigen, wanda ruwa kawai ake zuba masa, shi babban abokin gabarsa danshi ne, cokali mai jiƙa kar ya shiga kwalbar, kuma shi ma in kin kwaɓa to na ranar ne. Wajen saye ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, don akwai wanda ya sha rana a kan tebur a kasuwa har kwalin ya koɗe.

Roba ko tangaran za ki kwaɓa a ciki, ban da kwanon silba da cokalin ƙarfe, suna taɓa maganin. Ki ware masa robarsa da tsohon buroshinsa, kar su koma cikin kwanukan abinci. Dibelofa in daban kike saye ki nemi mai lamba 20, shi ne kashi 6 cikin ɗari, shi ya dace da rufe furfura. Mai 30 da 40 na masu son gashi ya yi haske ne, a kan gashinmu ba abin da yake jawowa sai karyewa.

Yanzu maganar da ta fi damuna, don na ga ba ki ambace ta ba kwata-kwata: gwaji. Yawancin baƙin dayis akwai wani sinadari a ciki da ake kira PPD, za ki gan shi a rubuce a jikin kwali, kuma shi ne dai ake zubawa a baƙin lallen da ake zana wa amare a hannu. Jikin wasu ba ya ɗaukarsa. Abin da mutane ba su gane ba shi ne za ki iya shekaru kina shafawa lafiya, rana ɗaya jiki ya ƙi, kuma in ya ƙi ya ƙi ke nan har abada, kowane shafi sai ya fi na baya muni. Na ga wata amarya da aka yi wa rinin kai ana jibi ɗaurin aure, washegari fatar idonta ta kumbura har ba ta iya buɗewa, bayan kunnenta yana tsattsafo da ruwa, ashe tun wani biki baƙin lalle ya taɓa tayar mata da ƙuraje a hannu daidai zanen fulawar, ba wanda ya kawo komai a ransa. Don haka duk wadda baƙin lalle ya taɓa yi wa haka, ta haƙura da baƙin dayis gaba ɗaya. Sauran kuma kowane karo ki kwaɓa ɗan mitsitsi ki ɗiga a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, ki jira awa 48. Ja, kaikayi, raɗaɗi, ƙuraje, ko ɗaya kika gani ki fasa. In kuma ana cikin shafawa kika ji kai ya ɗau zafi ki wanke nan take kar ki ce bari in daure. Fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya fara wuya, wannan asibiti ne kai tsaye ba a jiran gari ya waye. Kuma kar a sa shi a gira ko gashin ido, yana iya taɓa gani.

Ki ɓoye shi daga yara sosai da sosai. Garin baƙin dayis in aka sha guba ne, yana kumbura maƙogwaro ya kuma lalata ƙoda, a Sudan inda ake yawan haɗa shi da lalle likitoci sun daɗe suna kuka da shi. Kar a taɓa juye dibelofa a robar ruwa ko ta lemo.

Rilaksa kuma ki ɗaga. Tunda kin riga kin yi rinin, ki ba kan aƙalla sati biyu, in ya fi haka ma ya fi. Nan gaba ki fara da rilaksar, bayan sati biyu ki rina, don ita rilaksa tana cin kala kuma haɗa su kusa da kusa shi ke sa gashin gaban goshi ya zube. Tsakanin nan ki lallaɓa shi da man kaɗanya ko man kwakwa, wanki da karkashi, kitso mara tsauri.

Ranar shafawa kar ki tsefe ki yi ta susa da tsinke, fatar da ta ƙuje ita ke shan maganin. In akwai ciwo ko makero a kan ki bari ya warke. Ki zagaye goshi da kunne da ƙeya da basilin, ki sa safar hannu ko leda, ki buɗe taga. Sabon tohon kawai za ki bi, ba sai kin maimaita a kan wanda aka rina wancan karon ba. Ki duba agogo, abin da takarda ta ce shi ne, galibi wajen rabin awa, barin sa ya wuce yana busar da gashi. Ni nakan yi bayan azahar, kafin la'asar na wanke na gama.

In ra'ayina kike so, furfura 'yar kaɗan irin taki jan lalle zalla ya fi mata, ganyen da aka daka aka tankaɗe ba wanda aka yi wa gauraye ba. Shi akasin dayis ne, yana son a kwaɓa da ruwan shayi mai ɗumi ko ɗan lemon tsami a rufe ya yi wasu awanni kafin ya saki kala, ya zauna a kai awa uku ko huɗu cikin leda don kar iska ta busar da shi, musamman da hunturu. Ragowarsa ana iya ɗaurewa a leda a sa a firiza ya yi watanni, in dai wutarku na zama, in yana narkewa yana daskarewa zai yi tsami ya rasa ƙarfi. Furfurar za ta fito ja, karo na biyu ta ƙara duhu. Mai son ta yi baƙi-baƙi sai ta bi da garin baban rini bayan ta wanke lallen, amma shi baba ana kwaɓawa ake shafawa, ba ya ajiyuwa. Wasu a nan sun kawo hadisin mahaifin Sayyidina Abubakar ranar buɗe Makka, inda aka ce a canza farin gashinsa a guji baƙi. Malamai sun yi bayani a kai kuma akwai saɓani musamman kan mace mai yi don mijinta, wannan ki tambayi malamin da kika yarda da shi.

In kin zubar da na kwalbar ki faɗa mana wane iri ne, mai bututu ko mai gari, sai in gaya miki awon da zai ishe ki karo na gaba.