Amsa ga Alhajin da zai kai ɗansa tseren keken dutse a Ɗa'ifa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tun daren jiya na ga tambayarka: an sa ɗanka mai shekara 14 a tseren keken dutse da za a yi a wajen Ɗa'ifa ranar Asabar ta sama, kai kuma rabonka da keke tun kana ɗan makarantar allo, kana son sanin me za ka shirya, kuma ko ya dace ka tafi da mahaifiyarsa da ƙannensa kallo. Na ga 'yan'uwa sun cika ƙarƙashin tambayar taka da "Allah Ya ba da sa'a". Amin. Sai dai an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, to bari in taya ka ɗaurin. Shekara 4 ke nan ina jigilar nawa yaron daga Jidda zuwa irin waɗannan wurare, kuma yawancin abin da zan faɗa maka sai da na sha kunya na koye shi.

Abu na farko da nake so ka riƙe: aikinka na uba ya ƙare daren Juma'a. Duk abin da ba ka gyara ba kafin yaro ya kwanta, safiyar Asabar ba za ta gyara maka shi ba, sai dai ta ƙara ɓata shi.

Mu fara da keken. Ka kai shi wurin mai gyara a cikin makon nan, kada ka bari sai daren Alhamis. Dalili kuwa, sabon abu a jikin keke yana son a hau shi kwana biyu kafin a yarda da shi. Takalmin birki sabo ba ya kama faifai sosai sai an ɗan cinye fuskarsa: yaro ya sami gangare marar mota, ya ɗauki gudu kaɗan ya matse birki har ya kusa tsayawa, ya sake, kamar sau 20. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙoran giya tana iya tsalle daidai lokacin da ya miƙe zai taka hawa. Sirdi kuma kada a taɓa tsayinsa a makon tsere, ko da wani gwani ya ce ya yi ƙasa. A bari sai an dawo.

Taya ita ce ta ba ni darasin da ban manta ba. Tafiyarmu ta farko, a Jidda na tsaya na sa aka ɗura wa tayoyin iska tam, kamar ganga, a tunanina taya mai tauri ita ce mai gudu. A kan kwalta haka ne. A kan tsakuwa da dutse kuwa taya mai tauri tsalle take yi, ba ta riƙe ƙasa. Ga wani abu kuma da ban sani ba a lokacin: Jidda a bakin teku take, Ɗa'ifa kuma tana sama da mita 1,800, Shafa da ke kan duwatsun kusa da ita ma ta haura 2,000. In ka hau can, iskar waje ta yi sauƙi, sai tayar da ka cika a ƙasa ta ƙara tauri da kusan psi 3 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya) ba tare da ka taɓa ta ba. Makka ma, inda kake zaune, ba ta fi Jidda tudu da yawa ba, don haka lissafin ya shafe ka. A lanƙwasa ta uku ta hanyar tseren yarona ya kwanta da keken, tayar gaba ta zame, fatar gwiwar hannunsa ta tafi da tsakuwa. Wani dattijo Balarabe da ke tsaye kusa da ni ya je ya danna tayar da babban yatsa, ya kalle ni, ya girgiza kai. Bai ce komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Saboda haka ka nemi famfo mai agogo, ka auna iska a can filin, ba a gida ba. Yaro marar nauyi a kan taya marar tif, tsakanin psi 18 zuwa 22 yakan ishe shi. In mai tif ce a ɗan ƙara, don kada dutse ya matse tif ɗin ya huda shi.

Sai ƙaya. Duwatsun nan cike suke da itacen da Larabawa ke kira ɗalh, ɗan'uwan farar ƙayarmu ne, kuma ƙayarsa ba ta san sabuwar taya ba. Idan tayoyin yaron marasa tif ne, akwai ruwan faci a cikinsu mai toshe ƙaramar huda da kansa, amma zafin ƙasar nan yana busar da shi cikin 'yan watanni. Cire ƙafar keken ka girgiza ta kusa da kunnenka. In ba ka ji motsin ruwa ba, a ƙara. In masu tif ne, ka sayi tif 2 na ajiya, ka zaunar da shi a tsakar gida ya cire ya mayar da hannunsa har sai ya iya. Man sarƙa kuma a sa mai bushewa, wanda ƙura ba ta manne masa. Kada a kusanto da baƙin man mota, kada kuma ɗigo ɗaya ya taɓa faifan birki.

Ban ce ka sayi sabon keke ba. Za ka ga na wasu yara a filin da kuɗinsu ya fi na motata, kada gabanka ya faɗi. Na sha ganin mai tsohon keke ya wuce su a hawa yana murmushi. Inda ba a rowa shi ne hular kwano. Ta zauna daram a kai, igiyarta ta kama haɓa, yatsa biyu kawai ke shiga. Ba hula, ba tsere, wannan ba a roƙo a kansa. Ka haɗa masa da safar hannu da tabarau saboda ƙura da rassa.

Takardu ba su da yawa: iƙamarsa ko katin shaidarsa, da duk abin da aka turo muku na rajista, kai ma ka kasance a wurin don sa hannun waliyyi. Ka dai lura da shekaru. A dokar hukumar kekuna ta duniya, UCI, ana cire shekarar haihuwa daga shekarar tsere ne, da lissafin miladiyya, ba ruwansu da wata ko rana. Wanda zai cika 15 a Disamba, tun Janairu ɗan 15 ne a wurinsu. Mu da muka saba lissafa wa yara shekaru da hijiriyya, nan muke rikicewa. Ka duba rukunin da aka sa shi tun yanzu, don rigimar teburin rajista da safe tana cin ran yaro fiye da hawan dutse.

Ku hau ranar Juma'a da sassafe, in da hali ma daren Alhamis, ku kama ɗaki ku kwana. Daga Makka ta hanyar da ke hawa dutsen Hada tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 90, shi ya sa mutane ke ruɗuwa su ce sai ranar tseren za su taso da asuba. Kada ka yi. Kwane-kwanen Hada suna juya cikin yara, kuma akan rufe hanyar in hazo ya sauko ko an yi ruwa, sai ka zagaya ta Sailul Kabir, lokaci ya tafi. Ga numfashi: yaron da ya saba da iskar ƙasa, in ya hau can zai ji hawan da yake yi da wasa ya zame masa aiki. Kwana ɗaya ba zai mayar da shi ɗan Ɗa'ifa ba, amma zai san abin da ke jiransa, ba zai firgita ya ɗauka ciwo ne ya kama shi ba. Ku ɗauki rigunan sanyi. Mu mutanen Jidda mukan isa can da jallabiya ɗaya muna karkarwa kamar kajin da ruwa ya daka. Birai kuma na nan a bakin hanya, kada ƙannensa su buɗe gilashi su miƙa musu abinci. Ni ayabar tsere guda 6 suka taɓa kwashe mini daga bayan mota ina tsaye ina ɗaure keke.

Bayan an sauko Juma'a, ko da la'asar in rana ta yi sanyi, a je a ga hanyar tseren. Wannan shi ne mafi amfani a duk tafiyar. Irin wannan tsere zagaye ne na 'yan kilomitoci da ake maimaitawa, saboda haka duk dutsen da ya gani yau zai sake haɗuwa da shi gobe sau da yawa. Ya zagaya sau ɗaya ko biyu a hankali, ba gudu ba. Inda ya ga wuya ya sauka, ya taka da ƙafa, ya tsaya ya ga ta ina manya ke bi. In wuri ya fi ƙarfinsa, ku yanke shawara tun a ranar cewa nan sauka zai yi ya tura. Doka ta yarda, kuma yaron da ya san inda zai sauka ya fi wanda zai tsaya yana shawara da kansa a bakin gangare, ana danno shi ta baya.

Daren nan kuma sai ka yi da gaske, domin ka san halin ƙasar nan, daren hutu ba a kwanciya. 'Yan'uwan da ke Ɗa'ifa za su ce sai kun zo an ci mandi, kuma ba za a sauke tire ba sai ƙarfe 11. Kai ka je ka wakilce shi. Shi ya ci shinkafarsa bayan magariba, nama kaɗan, ya yi isha ya kwanta, waya tana hannunka. Da safe ya karya awa 3 kafin tashi, da abin da cikinsa ya saba: gurasar tamis da zuma, ƙwai, shayi. Nawa kunun gero mahaifiyarsa ke dama masa a fulas, kuma har yau ban ga abin da ya fi shi ba. Ful, wato dafaffen waken nan, yakan yi wa wasu nauyi. Lemun gwangwanin nan masu sa kuzari kada ya sha. Dabino 3 a aljihun riga, gora 2 na ruwa, ɗaya a keke ɗaya a hannunka. Sanyin wurin yana ɓoye ƙishi, don haka tun Juma'a ka riƙa tuna masa shan ruwa. In fitsarinsa ya yi duhu, bai sha isasshe ba.

To, ranar Asabar. Ku isa da wuri, a ɗaura lambarsa a kan keke, ya ɗan zazzagaya minti 15 jikinsa ya yi ɗumi. Ka tambayi inda aka ware don miƙa ruwa da gyara, domin a nan kaɗai aka yarda ka ba shi gora ko ka taɓa kekensa. In ka bi shi cikin daji da sifana kana iya jawo a cire shi. Ka kuma gaya masa tun kafin a tashi cewa a wasu tseren alƙalai kan tsayar da wanda na gaba ya ba shi rata mai yawa, don kada a cakuɗe. In ya faru da shi, ba kora ba ce, tsari ne.

Daga nan sai ka kama bakinka, Alhaji, kuma wannan ya fi duk abin da na lissafa wuya. A tserensa na biyu na tsaya a tsakiyar hawa, duk zagayen da ya zo sai in buɗe murya: "Taka mana! Ga shi nan zai wuce ka! Sauya giya!" Ni a raina taimako nake yi. Yaro ya zo yana haki, fuska duk ƙura, ya ɗago ya kalle ni, ya rasa layinsa, ƙafa ta sauka ƙasa, mutum 2 suka wuce. A mota muna gangarowa ba wanda ya yi magana har muka wuce masu sayar da 'ya'yan itace na bakin hanya. Can ya ce, a hankali, idonsa na kan gilashi: "Baba, in za ka riƙa yin ihun nan, gara ka jira ni a mota." Wallahi har Jidda ban sami abin cewa ba. Tun daga ranar, in ya zo wucewa tafi nake yi, in ce "Sannu, madalla", shi ke nan. In ya ƙare kuma ba na tambayar na nawa ya zo. Ruwa nake miƙa masa da rigar sanyi, in karɓi keken. Labarin tseren shi zai kawo maka da kansa, yawanci sai an zauna cin abinci, kuma zai fi wanda za ka tatsa daɗi.

Maganar iyali, ka tafi da su. Yaro yana jin daɗi ya ga nasa a bakin igiya. Amma ka zaɓa wa Hajiya wuri kusa da inda ake tashi da ƙarewa, kada ka kai ta gangaren duwatsu. Tawa na kai ta sau ɗaya, ta ga yadda suke sulalowa, ta rufe ido tana salati, muka yi wata guda ana shari'ar ko za a sayar da keken. Ku ɗauki tabarma, kujerun naɗewa, laima, ruwan sha da na alwala, domin wuraren nan ba kasafai ake samun famfo kusa ba. Ranar can tana ƙuna ko da ana jin sanyi. Kowa ya sa takalmi rufaffe, silifa da ƙaya ba sa shiri. Ƙananan kuma a riƙe hannunsu. Igiyar da aka ja ita ce iyaka, ba a tsallakawa sai mai tsaron wurin ya ba da izini, don mai gangarowa ba ya iya tsayawa nan take, kuma keke ba shi da ƙarar da za ta gargaɗe ka.

In ya faɗi, kada ka ruga cikin hanya, masu agaji na wurin. Ƙujewa ba komai ba ce, a wanke da ruwa mai tsabta a rufe. Amma in kansa ya bugu, ya yi amai, ko jiri, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko bai tuna yadda ya faɗi ba, tsere ya ƙare a nan ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau, sai likita ya gan shi. Lambar motar asibiti 997. Hular da ta bugu da dutse kuma ta gama aikinta, ko ba a ga tsagewa ba, a sayi wata.

Mu ma in sha Allahu muna can tun daren Alhamis, nawa yana rukunin 'yan 17 da 18 yanzu, su sukan yi awa ɗaya ko fiye a kan hanya. In ba ka sami famfo mai agogo ba kada ka saya don tafiya ɗaya, akwai nawa, da tif na ajiya mai inci 29. Ka dai duba gefen tayar yaronka ka gaya mini ko 29 ce ko 27.5, don in san wanda zan ƙaro.