Ƙanena ya tsallake zagayen farko na gasar waƙa, yana so in zuba masa jari

Tambaya: Ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, Kano. Ƙanena ɗan shekara 23 Allah Ya ba shi murya. Ya tura bidiyonsa wata gasar waƙa ta talabijin, an kira shi zagaye na gaba a Legas. Yana neman naira miliyan biyu a wurina: kuɗin mota da masauki, sutura, sai kaso mafi tsoka na neman ƙuri'u idan an fara zaɓe. Ya ce in ya ci za mu raba kyautar biyu, kuma ni zan zama manajansa. Daga jarin shago kuɗin za su fito. In ba shi ko in hana?

Amsa: Alhaji, ka taimake shi, amma ba bisa wannan tsari ba, kuma kada ka taɓa uwar kuɗi. Lissafin da ya kawo maka gaba ɗaya a kan cin gasar ya rataya, alhali a kowace kaka mutum ɗaya ne ke ci cikin dubban da suka nema. Ko wanda ya ci ɗin ma, ba daga kyautar arzikinsa yake fitowa ba.

Duba waɗanda suka bi wannan hanya a Nijeriya. Iyanya ya ci gasar Project Fame ta farko a 2008, amma sai a 2012 ya samu waƙar da ta fito da shi kasuwa sosai, bayan ya canza salo. Yemi Alade ta ci Peak Talent Show a 2009, sunanta bai game Afirka ba sai wajajen 2014. Mercy Chinwo ta ci Nigerian Idol a 2012, kundinta na farko sai a 2018 ya fito. Sannan ga waɗanda ba su ci ba. Omawumi ta biyu ta zo a Idols West Africa a 2007, bayan Timi Dakolo. Johnny Drille ya shiga Project Fame a 2013 bai ci ba, kamfanin Mavin ya ɗauke shi a 2017. Chike na biyu ya zo a The Voice Nigeria a 2016, kundinsa na farko ya fito a 2020. Su ke nan waɗanda suka dace, kuma akwai waɗanda suka ɗaga kofi aka daina jin ɗuriyarsu. Abin da zan so ka riƙe a nan shi ne tazarar: shekara huɗu, biyar, har shida tsakanin fitowa a talabijin da fara cin moriya. Kai kuwa jarinka na yadi yana juyawa sau da yawa a shekara, balle gabanin azumi da Sallah. Miliyan biyu da ka cire yau, ka ƙara mata ribar da za ta kawo a kowane juyi na waɗannan shekaru, shi ne ainihin abin da ka biya.

Batun raba kyauta biyu kuma yana buƙatar a warware shi. Adadin da ake sanarwa a talabijin galibi dunƙule ne: akwai tsabar kuɗi, akwai mota, akwai kayan kamfanonin da suka ɗauki nauyi, akwai abin da ake kira yarjejeniyar buga waƙa mai darajar kaza. Wannan na ƙarshe ba kuɗi ba ne da zai shiga asusunsa. Kamfani ne zai kashe a situdiyo da bidiyo da talla, kuma sau da yawa sai ya cire abin da ya kashe daga cinikin waƙoƙin kafin mawaƙi ya ga kobo. Rabin me za ka karɓa ke nan? Rabin mota? In ba a fayyace tun yanzu ba, nan ne zumunci yake tsagewa.

Kuɗin ƙuri'a shi ne wanda nake so ka soke baki ɗaya. Wasu gasa da saƙon tes mai kuɗi ake zaɓe, wasu ta manhaja ko shafin intanet inda kowane mai rajista ke da iyakar ƙuri'un da zai kaɗa. Ko ta wace hanya, ana sake zaɓen ne kowane mako, kuma ƙuri'un makon jiya ba sa ceto mutum a wannan makon. Za ka raba wa matasa kuɗin data da kati, wani ya kaɗa wani ya cinye, ba ka da hanyar tantancewa. Ranar da aka cire shi, babu abin da ya rage a hannu daga wannan kuɗi. Idan mutanen unguwa da 'yan kasuwa abokanka za su zaɓe shi don suna sonsa, madalla, wannan ba ya cin miliyan.

Inda kuɗi ke da amfani shi ne abin da zai saura bayan an kashe fitilun dandali. Waƙoƙin da ɗan takara ke rerawa a gasa yawanci na wasu ne, bidiyon kuma mallakar masu shirin ne. Zai iya yin watanni ana kallonsa ya fito ba shi da waƙa ko ɗaya tasa ta kansa da za a saurara. Kamar a yi wa shagonka talla a rediyo ne, jama'a su cika ƙofa su tarar babu ko turmi ɗaya a kanta. Hankalin masu kallo kuma ba ya jira, da an fara sabuwar kaka ya koma kan wasu. Don haka kafin ya tafi, ko kafin a fara nuna shirin, ya kasance yana da waƙoƙi uku nasa, an ɗauka, an tace, suna ajiye. Ku tambayi farashi a situdiyo uku kafin ku tsaya a ɗaya, kuma kai ka biya situdiyon kai tsaye, rabi a farko, rabi ranar karɓar aiki. Ku karɓi fayil ɗin asali, murya daban kiɗa daban, ba wanda aka matse aka turo ta WhatsApp kaɗai ba.

A nan akwai ramin da mawaƙan Arewa da yawa ke faɗawa. Mai haɗa kiɗa yana da haƙƙi a kan kiɗan da ya ƙirƙira, kuma biyansa kuɗin aiki da baki bai isa ya mayar da kiɗan naku ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ce miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce. Takarda shafi ɗaya ta wadatar: sunan waƙa, wanda ya rubuta baiti, wanda ya yi kiɗa, an saya ne gaba ɗaya ko akwai kaso, sa hannu da kwanan wata. In babu ita, ranar da waƙar ta yi kasuwa mai kiɗa zai iya kai ƙara a sauke ta daga YouTube. Haka kuma asusun YouTube da Audiomack da Boomplay, da na kamfanin da zai rarraba waƙar zuwa Spotify, irin su DistroKid ko TuneCore, duk a buɗe su da imel da lambar wayar ƙanenka. Kada a bar wani aboki mai wayo da kwamfuta ya ɗora a nasa asusun, domin wanda ke riƙe da asusu shi ke karɓar kuɗi. YouTube ba ya fara raba kuɗin tallan dogayen bidiyo sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu (ko kallon gajerun bidiyo sau miliyan 10 cikin kwana 90), kuma lokacin da ake nuna shi a talabijin ne ya fi sauƙin tara su. Ya kuma yi rajista da MCSN, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu.

Sai takardar da masu gasar za su ba shi ya sa wa hannu kafin a nuna fuskarsa. Kada ya sa hannu a tsaye a harabar otal don layi ya yi tsawo. Ya nemi kwafi, a kai wa lauyan da ya san harkar nishaɗi. Kuɗin wannan lauya shi ne mafi albarka cikin duk abin da za ka kashe. Abin da za a duba: shin masu gasar suna da ikon farko na ɗaukarsa ko bai ci ba, kuma na tsawon wane lokaci? An hana shi sakin waƙarsa yayin gasar, da wata nawa bayanta? Wa ke mallakar waƙoƙin da za a buga masa? Suna da kaso a kuɗin wasa da na talla, ko a waƙa kaɗai? Wa ke biyan masauki da abinci idan ya shiga zagayen da ake nunawa kai tsaye? Wata yarjejeniyar ma takan zo da nata manajan, ka ga alƙawarin da ya yi maka ya tashi. Kuma duk wanda ya kira ku ya ce a biya shi ya tsallakar da yaro zagaye na gaba, ɗan damfara ne.

Ku kuma yi magana a kan kasuwar da zai dawo ya ci. Waɗannan gasa da Turanci da Broka ake yawan rerawa. In da Hausa zai yi sana'a, abincinsa yana wurin biki, waƙar fim, tallan kamfanoni da taruka, domin abin da ake biya a kan kowane sauraro daga Nijeriya kaɗan ne ƙwarai. A Kano sai ya yi rajista da Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i. A wurin wasa kuwa ƙa'ida ita ce rabin kuɗi lokacin da aka kama rana, cikon kafin ya riƙe makirfo.

Yanzu tsakaninka da shi. Ka zaɓi ɗaya cikin uku ka kira shi da sunansa: kyauta, rance, ko haɗin gwiwa. In rance ne, abin da ka bayar shi zai dawo ba ƙari, in ba haka ba an shiga cin kuɗin ruwa. In haɗin gwiwa ne, wato ƙiradi, kuna raba ribar da aka samu bisa kason da kuka yanka, in an faɗi kuma kuɗinka ne suka tafi, shi wahalarsa. Shawarata, kada jimillar ta wuce ribar shago ta wata ɗaya ko biyu, wato abin da in ya salwanta ba za ka kasa saro kaya ba. Ka sake su kashi-kashi: na tafiya yanzu, na lauya idan takarda ta zo, na situdiyo idan ka ji waƙoƙin da kunnenka. A buɗe asusun banki na daban don wannan harka, kada ya haɗu da na shago. Kasonka ya fito daga abin da ya rage bayan an cire kuɗin aiki, na tsawon shekara biyu ko uku, ba har abada ba. Manaja a wannan sana'a kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari yake karɓa, kuma aiki ne na mai yawo da amsa waya dare da rana, wanda mai zaman shago ba zai iya haɗawa ba. Ka tsaya a matsayin mai jari, shi ya nemi manaja idan aiki ya kankama.

A rubuta duk wannan, dattawa biyu na gida su shaida. In ya ce ai tsakanin wa da ƙane babu takarda, to ka ba shi kuɗin mota da masaukin Legas kyauta, ka yi masa addu'a, ka bar sauran kuɗin a shago.