Kada ka share kod ɗin nan a zama guda

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na ga tambayarka tun jiya da dare, to babu wuta, waya kuma ta kusa mutuwa, sai yanzu na samu zama. In na fahimce ka daidai, ka gaji aikin Solidity, yaren da ake rubuta kwantiragin Ethereum da shi, daga hannun wani, kod ɗin a hargitse, sunaye barkatai, ga layukan kod da aka kashe don kada su yi aiki aka bar su nan, kana son ka zauna Asabar da Lahadi ka share shi tas kafin ka ƙara sabon abu. Gyara dai dole ne, amma wanga zama guda da kake shirin yi shi nake jiye maka.

Bari in ba ka nawa. Kwanakin baya nan Gusau mu uku muka haɗa wani kwantiragi na adashe, irin mai firoksi ɗin nan, wato wani kwantiragi a gaba da ke riƙe bayanai, kod ɗin aiki kuma na cikin wani daban da ake iya sauyawa daga baya. Wata rana bayan isha'i ina zaune na ga bariyabul ɗin da ke saman fayil, wato sunayen bayanan da ake ajiyewa, ba su da tsari, adireshin mai kwantiragi a sama, jimillar kuɗi a ƙasa, wasu a tsakiya, sai kawai na jera su yadda ido zai so, na kuma ji daɗin kaina wai na yi tsafta. Abin da na manta shi ne Solidity na ajiye su a ramuka masu lamba tun daga 0, kowane rami bayit 32, bisa yadda ka jero su. Bayanan kuma suna cikin firoksi, ba su motsa ba, kod ne kawai ya sauya. Da muka ɗora sabon, ramin da ke riƙe da adireshina sai aka karanta shi a matsayin jimillar kuɗi, wata lamba ta fito doguwa har ta tsallake allon kwamfuta, shi kuma wurin mai kwantiragi ya koma wani abu da ba na kowa ba. Ka ga ke nan babu mai ikon sake gyarawa, mun kulle kanmu waje. Allah ya taimake mu a Sepolia ne, sarƙar gwaji ta Ethereum, kuɗin gwaji. Da kuɗin mutane ne wallahi ban san da wane ido zan kalle su ba. Kuma abin haushin, akwai wani kayan aiki na kamfanin OpenZeppelin da ke duba jerin ramukan kafin a ɗora, ni na tsallake shi saboda sauri.

Kar ka ce mu ne 'yan koyo. Su kansu masu Bitcoin Core, babbar manhajar Bitcoin, sun taɓa cire wani bincike da ke hana a kashe kuɗi guda sau biyu cikin tiransakshan ɗaya, don tantance bulok ya ƙara sauri, suna ganin ai akwai wani wurin da ya riga ya tare abin. Ya shiga sigar 0.14 a 2017, ba a farga ba sai Satumba 2018 aka fitar da 0.16.3 cikin gaggawa. A sigogin da suka biyo bayan 0.14 ɗin kuskuren zai iya bari a ƙirƙiro bitcoin daga babu. Mutanen da ke bin kowane layi da idon basira ke nan fa. Saboda haka duk wani require, wato layin sharaɗi, da ka gani kana cewa mi wanga ke yi nan, ka bar shi tukuna, ka buga git blame, umarnin Git mai nuna tarihin kowane layi, ka ga ran da aka saka shi da dalili.

Yadda nake yi yanzu, kafin in taɓa komai sai na rubuta tes da Foundry, kayan gwajin kwantiragi, a kan yadda kod ɗin ke aiki a yau, har da halinsa da ban so. Sannan kwamit, wato ƙunshin gyara guda da ake adanawa a Git, na shara daban, na sauya aiki daban, ba na haɗa su ko da layi ɗaya ne. In fayil zan raba biyu, kwamit ɗin matsarwa ce zalla, ba ƙari ba ragi, don mai dubawa ya wuce shi cikin minti biyu. Wanda ya turo min gyara mai layi 2000 ya rubuta "tsaftacewa" a kai, gaskiya mayar masa nake, ba wanda zai karanta wannan tsakani da Allah.

Sunaye kuma ka bambance. Na cikin gida sauya abinka, in ka sake kwamfayil ka gwada baitkod ɗin, wato kod ɗin inji da ya fito, da na da, ya kamata su zo ɗaya in ban da ɗan wutsiyar ƙarshe ta metadata. Amma sunan fonkshon da ake kira daga waje, daga shi da nau'in abubuwan da yake karɓa ake ciro bayit 4 ɗin da ake gane shi da su, kana sauya harafi ɗaya shafinku da duk kwantiragin da ke kiransa sun ɓace hanya.

Layukan da aka kashe kam goge su, Git na riƙe da tarihinsu. SafeMath ma, mai hana lissafi ya zarce iyaka, in kuna kan Solidity 0.8 zuwa sama ba ku buƙatarsa, amma fara duba pragma, layin da ke faɗin siga, in 0.7 ne ko ƙasa kar ka kuskura.

Abu ɗaya da ba ka faɗa ba, an riga an ɗora kwantiragin a mennet, sarƙar kuɗin gaske, ko ko? In an ɗora kuma ba firoksi gare shi ba, sharar da za ka yi a rifo, ma'ajiyar kod ɗinku, ba ta taɓa wanda ke kan sarƙa, sai dai ka yi wa kwamit ɗin da aka ɗora tag, wato alama, don a san wane kod ne ke aiki. Faɗa min wanne ne, in da hali ka turo saman fayil ɗin in duba maka jerin bariyabul ɗin da yamma in an kawo wuta.