Ga ɗan'uwanmu da ke neman malamin Go

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce a wasan Go, wasan allon nan da ake kewaye fili da duwatsu baƙaƙe da farare, ka daɗe a kyu 8 (ɗaya daga matakan masu koyo) ba gaba ba baya, kana neman shawara ko ka biya kuɗi ka ɗauki darasi wurin ƙwararren ɗan wasa mai takardar shaida, ko ka nemi wani mai ƙarfi cikin waɗanda ba sana'arsu ba ce, ko kuwa ka dogara da KataGo, manhajar kwamfuta mai buga Go da nazarinsa, tunda ba ta karɓar ko kwabo. Da na kai wurin da ka ce har ka fara jin nauyin shiga OGS, dandalin buga Go a intanet, domin ka riga ka san yadda wasan zai ƙare, wallahi sai na ji kamar da hannuna aka rubuta, saboda a daidai wannan matakin ni ma na taɓa maƙalewa, kuma abin da na gamu da shi wajen neman malami ba na fata ya sami kowa a cikinmu.

Malamina na farko a intanet na same shi, kuma ba zan ambaci sunansa ko ƙasarsa ba. Ya ce matakinsa dan 6 ne (dan shi ne matakin gwanaye, sama da kyu), kuma maganar gaskiya ƙarfin wasa yana da shi. Sharaɗinsa shi ne a biya kuɗin darussan gaba ɗaya tun kafin a fara, da dala, kuma duk wanda ke zaune a gida Najeriya ya san irin ɗawainiyar da ke cikin haɗa wannan kuɗi da tura shi. Ranar darasin farko ya ba ni duwatsu tara, wato fifikon da ake ba mai rauni ya jera a allo kafin a fara, ya kuma gayyato sauran ɗalibansa su yi kallo ba tare da ya nemi izinina ba. Abin da aka sani game da wasan koyarwa shi ne malami yakan bar wa ɗalibi ƙofa a buɗe domin ya ga ko zai gane ta, amma wannan bawan Allah bai zo don haka ba. Ya kewaye rukunin duwatsuna na kusurwar dama ta ƙasa har ya rage saura bugu ɗaya ya mutu, sai ya bar shi a haka ya koma wani gefe, ya yi wa na biyu irin wannan, ya yi wa na uku, sa'an nan ya dawo yana kashe su ɗaya bayan ɗaya kamar kyanwa da ɓera. Duk rukunin da ya mutu sai ya rubuta mini “ka gani?”, masu kallo kuma suna turo alamar dariya. Har yau ina tuna yadda tafin hannuna ya jiƙe da gumi a kan linzamin kwamfuta, ina so in miƙa wuya amma ina jin cewa kuɗi na biya, dole in zauna.

Bitar da ta biyo baya ta fi wasan ciwo. Ya buɗe manhaja ya zuba wasan a ciki, ya shiga karanto mini lambobi, a nan ka yi asarar maki kaza, a can damar cin wasanka ta faɗi da kaza, alhali wannan aiki ne da zan iya yi da kaina a ɗakina ba tare da na biya kowa ba. Na tambaye shi dalilin da ya sa wurin da manhajar ta nuna ya fi wanda na ajiye dutsena, sai ya ce idan na kai dan zan gane. A ƙarshe ya gaya wa ɗaliban, ina ji, cewa wanda ya fara Go da girmansa nishaɗi kawai zai samu, kada ya wahalar da kansa. Darussan da suka rage kuwa, yau ya makara, gobe ya ɗaga, kuma da na nemi ya mayar mini da ragowar kuɗina sai ya daina amsa saƙo. Na yi watanni ban taɓa dutse ba. Ba kuɗin ne ya fi ƙona mini rai ba, maganar nan ce ta cewa lokacina ya wuce, domin ta zauna mini a ka duk lokacin da na tuna da allo.

Saboda haka kada lambar dan ta ruɗe ka, ko ta ƙwararre ce. Yawancin manyan 'yan wasa tun suna yara ƙanana suka koya. Cho Chikun yana da shekara shida aka kai shi Japan daga Koriya a 1962, ya zama almajiri a gidan Kitani Minoru, gidan da ya yaye irin su Kobayashi Koichi da Kato Masao da Takemiya Masaki. Lee Changho ya zauna a gidan malaminsa Cho Hunhyun, ya zama ƙwararre a 1986 yana ɗan shekara 11, daga baya kuma ya riƙa ƙwace kambuna daga hannun malamin nasa. Mutumin da ya taso haka yana ganin mutuwar rukuni da kallo ɗaya, kuma sau da yawa ya manta yadda rashin ganin yake, don haka idan bai saba da koyar da masu rauni ba, zai nuna maka amsa ya ce a fili take. Wanda zai amfane ka shi ne wanda ya daɗe yana fama da 'yan kyu, ko ƙwararre ne ko ba ƙwararre ba.

Wadda ta dawo da ni wasan wata malama ce 'yar Sin, ƙwararriya ce amma dan ɗinta ba babba ba ne, kuma yara take koyarwa tun da daɗewa. Ba ta buga da ni ba a karon farko. Ta ce in turo mata wasan da na sha kashi, ba wanda na ci ba, sai muka riƙa bin sa bugu bayan bugu har muka kai wurin da abokin wasana ya ajiye dutse kusa da kusurwata ta hagu, ni kuma na yi maza na kare. Ta tsayar da wasan ta tambaye ni, “Me kake tsoro a nan?” Na ce ina tsoron kada kusurwar ta mutu. Sai ta cire dutsena ta ce in karɓi duwatsun abokin wasan in kashe kusurwar da kaina, ita za ta kare. Na gwada ta nan, na gwada ta can, kusurwar ta ƙi mutuwa, domin ido biyunta, wato gurabe biyun cikin rukuni da ke hana a kashe shi, a tabbace suke tun farko. Ta nuna mini irin wannan a wurare da dama cikin wasa guda, cewa duk inda abokin wasa ya sa dutse nan nake binsa, shi kuma yana ta kwashe manyan wurare a gefe. Aikin gida da ta ba ni tsumego ne, wato matsalolin kashe rukuni ko rayar da shi, masu sauƙi ƙwarai, waɗanda da farko na ɗauka raini ne, da sharaɗin kada in taɓa allo sai na karanta amsar a kaina har ƙarshe, tare da duk hanyar da abokin gaba zai iya bi.

Game da KataGo, ina amfani da ita kuma ban raina ta ba. Tun da manhajar AlphaGo ta doke gwanin Koriya Lee Sedol da ci 4 da 1 a Seoul a watan Maris na 2016, ta kuma doke gwanin Sin Ke Jie da ci 3 da nema a Wuzhen a 2017, su kansu ƙwararrun da manhaja suke bita. Har shiga kusurwa ta san-san (gurbin 3-3, layi na uku daga kowane gefe) da wuri, wadda tsofaffin littattafai ke hana ɗalibi, yanzu ta zama ruwan dare. Sai dai manhaja tana gaya maka inda ya kamata ka buga ne, ba ta tambayarka abin da ke ranka lokacin da ka buga wani wuri, kuma a kyu 8 ciwon yana cikin wannan tunanin. Idan za ka duba wasanka da ita, ka ƙyale asarar maki ɗaya ko biyu, ka nemi wurare uku mafi muni kawai.

Kada kuma ka ɓata lokaci wajen haddar joseki, wato sanannun jerin bugu na kusurwa, na ga mutane a nan zauren suna yawan yi. Af, idan kana wasa a Fox, dandalin Go na Sin, kada ka kwatanta matakinka na can da na OGS, ma'aunin ba ɗaya ba ne, kuma 'yan can suna son faɗa tun daga bugun farko, wanda hakan ma horo ne mai kyau ga mai yawan tsoro irina. Sharhin Michael Redmond, Ba'amurken nan mai dan 9 a Nihon Ki-in, ƙungiyar ƙwararrun Go ta Japan, yana nan kyauta a YouTube da Turanci, kuma yana bayani a natse.

Idan ka yanke shawarar biyan malami, ka biya kuɗin darasi ɗaya tak tukuna, ka ce bita kake so ba wasa ba, ka kuma lura ko ya yi maka tambaya ko shi kaɗai yake ta magana. Ka daidaita lokaci da kyau, domin Sin tana gabanmu da awa bakwai, Koriya da Japan da awa takwas, ka kuma yi yarjejeniya a rubuce kan abin da za a yi idan wuta ko intanet ta yanke ana tsakiyar darasi. Kafin nan, ka ɗora wasanka na baya-bayan nan da ka sha kashi a nan zauren, wanda aka buga a natse ba na gaggawa ba, ka rubuta a wane bugu ne ka ji wasan ya suɓuce maka, in sha Allahu zan duba shi a ƙarshen mako.