Amsoshin Tambayoyinku: Lambar Babur, Inda Ake Ɗaura Ta da Inda Ake Karɓo Ta

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan mako kusan duk a kan lambar babur suka zo, don haka na haɗa su wuri ɗaya.

"Kawu, na sayi sabon Boxer. Ina so in cire lambar daga ƙarƙashin danja in mayar da ita gefe, kusa da tayar baya, irin yadda nake gani a bidiyon manyan baburan Turai. Mai walda ya ce aikin minti goma ne." Daga wani matashi a Agege.

Ɗana, mai walda bai yi maka ƙarya ba, minti goma ne. Sauran bayanin ne ya riƙe. Ka durƙusa ka leƙa ƙasan danjarka, za ka ga ɗan farin gilashi. Ta nan haske ke sauka a kan lamba da dare, shi ya sa kamfani ya bar mata gurbi a wurin. Doka kuwa so take lamba ta tsaya a miƙe, a fili, wanda ke bayanka ya karanta ta ba tare da ya karkata wuya ba. In ka kai ta gefe, hagu sarƙa ce, dama salansa, ga ƙafar fasinja a tsakani. Bakin lambar nan kaifi gare shi, ranar da ya kama zanen wata baiwar Allah ko gefen hijabinta za ka gane. Ga ruwan daminar Legas da taɓo, kafin ka je Pen Cinema ka dawo ba mai iya ganin harafi ɗaya. Waɗanda kake kallo a waya ba fasinja suke ɗauka ba. Bar ta inda ka same ta.

"Malam, kaya nake ɗauka, na sa an faɗaɗa mini kariya. Yanzu in na ɗora buhu yakan sauko ya rufe lambar. Kuma ta fara tsagewa a wajen noti." Daga wani ɗan'uwa a Ojo.

Wannan tambaya ce ta mai hankali. Jami'in da ya tsare ka ba ruwansa da cewa buhun albasa ne ya rufe ta ba da niyya ba, rufaffiyar lamba laifi ce. Ka koma wajen mai waldan ya sa maka ɗan ƙarfe a ƙarshen kariyar wanda zai tokare kaya, kuma ka duba kada ƙarin da aka yi ya danne danja ko sigina. Wanda ke bayanka a kan hanyar Badagry da danjar nan kaɗai yake sanin ka taka birki. Tsagewar kuma girgizar inji ce ke jawo ta, musamman in an ɗaure noti tamau a kan ƙarfe tsirara. Ka yanko roba daga tsohuwar taya ka sa gaba da baya kamar washa, ka sa faranti mai ɗan kauri a bayan lambar, sannan ka ɗaure da noti biyu-biyu. Kada a ɗaure da waya, kada a huda sabon rami a kan haruffa. In an haɗa maka da lambar gaba a ofis, ita ma a kwance fuskarta na kallon gaba, ƙarƙashin fitila. Masu kafa ta a tsaye bisa madigadi kamar wuƙa, mai tafiya a ƙasa suke wa tanadin rauni.

"Kawu, akwai wani da ya ce zai kawo mini lamba har gida cikin kwana biyu, a rabin kuɗin ofis, ba sai na je ko'ina ba. Abokaina uku duk shi ya yi musu. In ba shi?" Daga wani mai karatu a Ikorodu.

To, ga inda nake son mu zauna. Mutum ya tara kuɗi, ko ya karɓi babur a kan biya sannu-sannu, babur ɗin da yau ya haura miliyan. Ya saya masa fitilu masu launi, ya shimfiɗa kafet, ya ɗaura lasifika, ya manna sitika har a kan tanki. Duk wannan bai ji ciwon kuɗin ba. Sai an zo kan abu ɗaya da ke nuna babur ɗin nasa ne, nan zai fara neman ragi. Wannan hali yana ba ni mamaki, kuma ya yi yawa a cikinmu.

Ƙanena, abin da kake biya a ofis rajista ce, ƙarfen shaida ne kawai. Ƙarfe kowa na iya bugawa. Za a yi maka shi da tutar Najeriya, da sunan Legas, da haruffan ƙaramar hukuma irin su KRD ko GGE ko KJA a gaba, ya yi ƙyalli har ya fi na gaske. Amma in aka shigar da lambar a kwamfuta, ɗayan biyu ne: ko a tarar babu ita sam, ko a tarar ta wani ce. Ta farkon, an kama ka da lambar bogi. Ta biyun ta fi muni, domin duk abin da aka aikata da waccan lamba, fizgen waya ne ko kaɗe mutum aka gudu, kai ma kana cikin waɗanda za a nema. Ranar nan mai kawo lamba har gida wayarsa a kashe take. In kuma aka sace maka babur, da wace takarda za ka je wajen 'yan sanda? Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abokanka uku ba hujja ba ne, ba a tsare su ba ne tukuna. Ka ce su buɗe shafin tantance lamba na hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, a intanet, su rubuta lambobinsu a gabanka, ku ga abin da zai fito.

A Legas hukumar MVAA ce ke rajistar ababen hawa, kuma tana da ofisoshi a sassan jihar. Ka je da ƙafarka, ka wuce masu tare mutane a bakin ƙofa suna "oga me kake so", ka shiga ciki. Ka riƙe rasit ɗin sayen babur. Idan aka ba ka takardu kada ka cusa a aljihu ka tafi. Ka tsaya ka gwada lambar shasi da ke wuyan babur da lambar inji, harafi da harafi, da abin da aka rubuta. Ka faɗi gaskiyar aikin da za ka yi da shi: jan rubutu a kan lamba na haya ne, shuɗi na mai hawan kansa. Wanda ya karɓi shuɗi yana ɗaukar fasinja ya buɗe wa kansa wata ƙofar. Haka mai sayen na hannu, lambar da ke jiki sunan wani take ɗauke da shi har sai an yi canjin mallaka. Kuma kar in ji an ce inshora ma a wajen mai kawo lamba har gidan nan za a yi.

"Malam, ɗana ya taho daga Jigawa da babur ɗin da muka haɗa masa da kuɗin gonar mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Lambar can gida ce a jiki. An ce mini za a ƙwace saboda ba ta Legas ba ce. Ba na iya barci." Daga wata uwa a Idi-Araba.

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki a kan lambar. In dai ta gaskiya ce, takardunta ba su ƙare ba, lambar Jigawa tana aiki a Legas kamar yadda ta Legas ke aiki a Dutse. Abin da nake so ki zaunar da yaron ki gaya masa daban ne. Tun 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaba a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A 1 ga Satumban wannan shekarar aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin, kuma Idi-Araba inda kike a Mushin take. Manyan hanyoyi da gadoji su ma an hana. A waɗannan wurare lamba mai kyau ba ta ceton babur, kuma waɗanda aka kama gwamnati murƙushe su take yi. Ya nemi 'yan'uwa da suka daɗe a gari su nuna masa inda ake aiki da inda ba a yi, tun kafin ya ɗauki fasinjan farko. Ya riƙa yawo da kwafin takardu, na asali su zauna a wajenki. In lambar ta taɓa faɗuwa, kada ya sa mai fenti ya rubuta masa wata. Ya kai rahoto ofishin 'yan sanda, ya yi takardar rantsuwa a kotu, sannan ya nemi canji a ofishin da ya ba da ita. Allah ya tsare miki shi.

"Kawu, in na ɗan lanƙwasa lambar sama, ko na shafa mata baƙin mai, kyamarorin kan hanya za su iya ɗauka?" Ba suna, ba unguwa.

Ka kyauta da ka ɓoye sunanka. Kyamara ta gani ko kada ta gani, ɗan sandan da ke tsaye a mahaɗa yana da ido, kuma babur mai lanƙwasasshiyar lamba shi ake fara tsarewa, don an san masu ƙwace ne ke yin haka. Samo tsumma da ɗan kananzir ka goge ta, ka miƙar da ita tun yau.