Na rubuta "ba a dawo da kaya", ga shi an dawo mini da waya

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina sayar da wayoyi na hannu a Wuse 2, Abuja, kuma duk daren Juma'a ina yin gwanjo a Facebook. A ƙasan kowane hoto ina rubuta: "In an sallama, ba a dawo da kaya, ba a mayar da kuɗi." Wani ya ci gwanjon iPhone, bayan kwana huɗu ya dawo wai gilashinta ba na asali ba ne. Gaskiya na san an canza shi, ban dai faɗa ba. Yanzu yana cewa zai kai ni hukuma, na kasa barci. Ashe rubutun nan bai kare ni ba?

Amsa: Malam, bai kare ka ba. Kusan kullum sai wani ya shigo ofishina da wannan jimlar yana riƙe da ita kamar laya. Kowa kwafo ta yake yi daga shafin maƙwabcinsa, wasu ma da Turancin da su kansu ba za su iya fassarawa ba, sai a ƙara manyan baƙaƙe da jan alama, wai an tsare kai. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ke aiki da ita a duk faɗin ƙasar nan har da Abuja, ta ba mai saye damar dawo da kaya masu aibi cikin wata uku, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Haƙƙin da doka ta bayar, layi ɗaya a ƙasan hoto ba ya soke shi, ko da mai sayen ya rubuta "na yarda". Dokar kuma ta wajabta a bayyana cewa kaya na hannu ne ko an taɓa gyara su. Kai ka san an canza gilashi, ka yi gum. A kasuwa sunansa algus, a fiƙihu ma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye. To wace kotu kake so ta tsaya maka?

Abin da ke kare mai gwanjo shi ne faɗin aibi tun kafin a fara tayi. Rubuta: "An canza gilashi, ba na asali ba ne. Lafiyar batir kashi 81. Akwai ƙarzuwa a gefen hagu, duba hoto na uku." Wanda ya karanta wannan ya taya, ya sayi abin da ya gani, ba shi da bakin magana gobe.

Sauran sharuɗɗan ba su da wuya. Faɗi ranar rufewa da ƙarfe nawa. In akwai farashin da ba za ka sallama ƙasa da shi ba, sanar tun farko, kada ka bari mutum ya ci sannan ka ce albarka. Faɗi awa nawa aka ba shi ya biya, wa zai biya kuɗin aike daga tashar Jabi, kuma in ya fasa, me zai faru da kafin alƙalaminsa. Ka rubuta da Hausar da masu tayinka ke ji. Kada kuma ka goge ko ka gyara sharaɗi bayan an fara tayi, mutane suna ɗaukar hoton shafi.

Sai ƙanenka da kake sa wa ya riƙa tayi da wani suna don kuɗi ya hau. Ban ce kana yi ba, amma na san 'yan gwanjo. Wannan shi ne najashi da Annabi (SAW) ya hana, kuma dokar sayar da kaya ta 1893 da muka gada daga Ingila ta ba mai saye damar ɗaukar irin wannan ciniki a matsayin zamba.

Batun hukuma kuwa, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓanin ciniki zalla, amma ɓoye aibi da gangan yana iya sauya wa maganar kama. Kira shi yau. Ko ka karɓi wayarka ka ba shi kuɗinsa, ko ku daidaita kan ragin kuɗin gilashi, ku rubuta, kowa ya sa hannu.